Takardar Da Ta Dawo Daga Kaduna

Wata huɗu ke nan da Malam Attahiru ya tsaya a zaurensa na Tambuwal ya ce wa Namadi kada ya sake taka masa ƙofar gida. Bai zage shi ba, Malam ba ya zagi. Cewa ya yi shi ma'aikacin ofis ne, shekara ashirin da biyu yana magatakarda, ba zai ɗauki 'yarsa Maryama ya ba yaron da ke yawo ƙauye-ƙauye yana tara samari suna maganar da ta fi ƙarfin bakinsu ba.

Maryama ta ce to. Namadi ma ya ce to. Amma wanda ya taɓa son wani ya san irin wannan to ɗin, iyakarsa leɓe.

Namadi ɗan Kebbe ne, ya yi elementare, kuma shi ne sakataren wata 'yar ƙungiyar samari da suka kafa shekarar da aka sami mulkin kai. Abin da ya haɗa su ɗaya ne. Akwai wani ɗan kwangila, Ɗangiwa, mai aikin hanyar da ta tashi daga Tambuwal zuwa Kebbe. Da zarar ruwa ya sauka an yi shuka, sai ya aiko a kwashi samari daga gonaki a kai su fasa dutse, ya ce gayya ce, umarnin manya ne. Kafin su dawo ciyawa ta cinye gero. A wurin wannan fasa dutsen guduma ta sauka a hannun Namadi na dama, yatsu uku suka lanƙwashe, har yau ba su miƙe ba.

Samarin suka yanke shawara su kai kuka Majalisa a Kaduna, su roƙi a yi doka a hana ɗibar manoma aikin hanya da damina. Namadi ya bi Fakku, ya bi Jabo da Sanyinna yana tattara sunaye. To, wa zai rubuta? Mai hannun ya rasa hannun.

Maryama tana koyar da matan aure yaƙi da jahilci a gidan gwaggonta Tambaya, sau biyu a mako. Can Namadi ya same ta wata ranar kasuwa, ya tsuguna daga bakin ƙofa yana faɗa tana rubutawa, gwaggo na zaune tsakaninsu tana tsinke rama kamar ba ta ji. Shafi uku, da sunaye saba'in da ɗaya, kowane da dangwalen yatsa a gefensa. Da ta gama Namadi ya dubi rubutun ya ce wallahi ko Gwamna ya ga wannan sai ya gyara zama. Ta yi dariya ta rufe fuska da gyale. Ranar ba wanda ya kai su farin ciki, bayin Allah.

Mako shida suna jiran amsa.

* * *

Ranar da amsar ta zo, Maryama na tsakar gida tana tankaɗe, hantsi bai gama dubawa ba, ta ji an jingina keke a zaure. Ta tsayar da tankaɗen ta kasa kunne, don Malam bai taɓa dawowa daga ofis kafin azahar ba.

Ya shigo bai yi wa kowa magana ba. Inna Ummu, mahaifiyarta, ta miƙe da sauri tana cewa, "Malam, lafiya?" Bai dube ta ba. Ya zauna bakin tabarma da takalmansa a ƙafa.

"Maryama, aje rariyag ga ki zo."

Ta zo ta durƙusa.

"Takardarku ta dawo."

Kalma uku ce kawai. Ta buɗe baki za ta ce wace takarda, ta kalli idonsa, ta fasa.

"Ku yara kun ɗauka in an aika ƙara Kaduna, can taka zama?" Muryarsa ƙasa-ƙasa, ba faɗa a ciki, abin da ya fi tsorata ta ke nan. "Dawowa taka yi. Kaduna ta aiko Sakkwato, Sakkwato ta aiko muna, a ji ta bakin wanda anka yi ƙara. Da sunayenku, da yatsunku, dut. Ba wanda yag gaya muku haka?"

"Baba, ba mu sani ba. Wallahi ba mu sani ba."

"Na san ba ku sani ba."

Inna ta dafe ƙirji. "Wace takarda? Malam, mi kuka faɗi haka ni ban gane ba?"

Malam ya bayyana mata a gajarce. Sannan ya faɗi abin da ya faru da safe. An kira Ɗangiwa ofis don ya kare kansa. Shi kuma Malam aka ba shi takardar aka ce ya kwafe sunayen, a kirawo masu su. Yana buɗewa ya ga rubutunsa, wanda bai rubuta ba. Yadda yake jan wutsiyar baƙi, yadda yake karkata layi, yadda yake ja wa kwanan wata layi biyu a ƙasa. Ai shi ya riƙe hannun Maryama tun tana 'yar shekara shida ya koya mata, bai bar ta ta ƙirƙiro ko ɗigo nata ba.

Ya daure ya fara kwafewa. Ɗangiwa na tsaye a kansa. Can sai mutumin ya miƙo hannu ya jawo takardun biyu ya jera su gefe da gefe, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Jama'a ku duba mani, ko idona na? Wanga da wanga ai hannu guda na."

"Yanzu cewa sukai ni nir rubuta," in ji Malam. "Magatakardan ofis shina zuga samari, shina cin amanar aikinai. Bayan azahar za a zauna gaban alƙali."

Inna ta fasa salati. Maryama kuwa kuka ma ya ƙi zuwa.

"Ɗauri na, Malam?" in ji Inna.

"Ɗauri na, Ummu. In an sassauta, shekara guda."

Sai ga sallama daga waje, da ƙarar ƙararrawar keke har sau uku, irin ta wanda yake so unguwa ta san ya iso.

* * *

Ɗangiwa ne. Ya kusa arba'in, ga tumbi ga agogo, ga turaren da ke riga shi shiga wuri. Sau biyu yana aiko manya neman auren Maryama, sau biyu tana cewa ba ta so, Malam kuma yana mayar da su da haƙuri. Malam ya fita zaure ya same shi, Maryama ta lallaɓa ta tsaya bayan ƙyauren.

"Allah gafarta Malam, wallahi abin ga bai yi mani daɗi ba," ta ji yana cewa. "Bakina na yas suɓuce. Amma ai ido shina kuskure. In na koma nic ce na sake dubawa, ba hannu guda na ba, wa za ya musa mani? Sai a kama yaran kawai, kai ka koma kujerarka."

"Na ji. Mi kaka so?"

"Haba Malam, wane so kuma? Ni dai in muna gida guda, ai ba ni bari a taɓa surukina."

Maryama ta ƙara manna kunnenta jikin ƙyauren.

"Ɗangiwa," in ji Malam, "ka san wa ar rubuta, ko ba haka ba?"

Mutumin ya yi wata 'yar dariya. "Tambuwal dut mutum nawa ka rubutu irin naka, Malam? Ni dai ban faɗi ma kowa ba. Tukuna."

"To tashi ka tafi. Mu haɗu gaban alƙali."

"Malam, ka yi tunani."

"Na yi. Ka gaida gida."

Ƙarar keken ba ta gama nisa ba Maryama ta faɗo zauren ta kama ƙafar mahaifinta. Yanzu kukan ya zo, ya zo da ƙarfinsa.

"Baba na yarda! Ka kira shi, ka ce na yarda. Ni nij jawo, ni ya kamata in biya. Wallahi zan zauna da shi, ba ka jin ko ƙorafi daga bakina."

"Tashi."

"Baba don Allah, ba ka iya gidan yari, ga ciwon ƙirjin ga naka, ga damina. Don Allah ka kira shi."

"Nic ce tashi." Ya janye ƙafarsa a hankali. "Shekara ashirin ina renonki don in miƙa ki ga mutumin da ya karya hannun ɗiyan mutane? In ba shi ke yau, gobe mi za ya roƙa? Ba a wannan cinikin da ni."

"To ka rantse musu ba kai na ba. Ai gaskiya ta, ba kai kar rubuta ba. A kawo Alƙur'ani ka dafa."

Malam ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

"In na dafa nic ce ba ni na ba, mi za su tambaya na biyu? Su ce, to ka san wanda yar rubuta? Hannuna na bisa Littafi, Maryama. In ce ban sani ba?"

Ta san mahaifinta, gara a yanka shi da ya yi rantsuwar ƙarya.

"Amma wanda yac ce ni nay yi, ba a ba shi rantsuwa," ya ci gaba. "An gama magana ke nan. Ba a sake neman kowa, Ɗangiwa ko ya faɗi sunanki ba mai saurare nai. Ƙarya ta, na sani, zan yi ta, in roƙi Allah gafara. Ummu! Ɗauko mani bargona da buta, da tasbahata ta bisa rataya."

Inna ta fito da kayan tana kuka mara sauti. Ta naɗe bargon, ta kwance, ta sake naɗewa, don kawai kada ta gama.

Maryama ta share fuska ta ce, "To ni zan je in faɗa musu."

Nan Malam ya juyo gaba ɗaya. Tunda take ba ta taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar.

"Ke kin san mi kika faɗi? Ɗiya mace, budurwa, tsaye gaban alƙali, garin ga dut na kallo? A ce kin zauna da namiji kun rubuta ƙarar manya? Wa ya san inda za su tsaya da ke? Ni tsoho na, an san ni, ko ɗauri na sai a yi mani da mutunci. Ke fa?"

"Baba..."

"Saurara. Na karanta takardag ga sau fuɗu yau. Ban ga ƙarya ko guda cikinta ba. Yaron ga na hana shi ke don ina tsoron irin wagga rana, to ga ta ta zaka, an wuce wurin." Ya nisa. "In kin zauna gida kin yi shiru, ranar da nif fito ni da kaina zan ɗaura muku aure da Namadi. Ummu, ki shaida."

Maryama ta ɗago kai. Abin da take roƙo a kowace sujada wata huɗu, ga shi an miƙo mata.

"Amma in kin taka ƙofar kotun can kin buɗe baki, wallahi, ko bayan raina ban yarda a ba shi ke ba. Kin ji na rantse. Kin kuma san ni."

Ya saɓa bargon a kafaɗa, ya ɗauki buta. Bai hau keken ba. Ya dafa sirdinsa ya ce wa Inna a shigar da shi ɗaki kada ruwa ya taɓa shi, ya fita.

* * *

An kira azahar, an idar. Maryama na zaune inda ya bar ta.

Inna ta kawo mata fura ta ce, "Sha, ɗiyata. Ubanki ya san abin da shika yi. Shekara guda kamar gobe ta. Ki yi haƙuri ki bi maganatai, kin ga ke ma kin samu abin da kika so."

Wannan maganar ce ta tayar da ita. Ta ga kanta an yi mata lalle, ana guɗa, an kai ta Kebbe ɗakin Namadi. Ta kuma ga Malam kwance a kan siminti yana tarin nan nasa na asuba, ba mai miƙa masa ruwan ɗumi. Ta tambayi kanta da wane baki za ta ci tuwon wannan auren.

Ta miƙe ta jawo gyale.

"Ina za ki? Maryama! Ke Maryama, ya rantse fa!"

"Na ji shi, Inna."

Inna ta riƙe bakin gyalen, Maryama ta sake mata shi ta ɗauki zanen da ke kan igiya ta yafa. Tana fita ta ji uwar ta zube tsakar gida tana kiran sunan Allah, ba ta waiwaya ba don ta san in ta waiwaya ba za ta tafi ba.

Ranar kasuwa ce, hanya cike. Gani take kowa ita yake kallo, kowa ya sani. Hadari ya haɗo daga gabas, iska na ɗaga rumfuna, masu hatsi na ta rufe buhuna.

Gindin wata tsamiya kusa da kotun ta hango shi. Namadi ne, ya rame, rigarsa duk laka. Yana ganinta ya taho da gudu.

"Maryama, mi kika yi nan? Koma gida, don Allah koma!"

"An fara?"

"Yanzu anka shiga da shi. Ina isowa kasuwa nij ji labari. Na je nic ce ni na, ni nir rubuta, a kama ni. Dogo ɗan doka ya kama hannun ga nau ya ɗaga ma mutane, anka yi ta dariya." Ya dubi lanƙwasassun yatsunsa kamar ya cire su ya yar. "Sun ce in jira, namu kiran na tafe. Ni nis sa ki, Maryama. Da na sani da na bar gonakin sun mutu."

"Kada ka ce haka. Abin da munka rubuta gaskiya ta, Baba da kainai ya faɗi."

"Malam yac ce haka?"

"Ya ce fiye da haka." Hawaye suka zubo mata. "Ya ce in na yi shiru, ranar da yaf fito shi ka ɗaura muna aure."

Fuskar Namadi ta yi haske kamar an kunna fitila. Bai kai ga yin murmushin ba ya lura da inda ta dosa, ya lura da zanen da ta yafa a gurguje, hasken ya mutu.

"In kin shiga fa?"

"Ya rantse ko bayan rainai."

Namadi ya ja da baya ya jingina da tsamiyar. Namiji ne, sakataren samari saba'in, amma kuka ya yi, a gaban 'yan kasuwa.

"Shekara guda ta, Maryama," ya ce. "Ni zan noma gonarku, zan kai mai abinci kullum, zan..." Ya tsaya. Shi da kansa ya ji yadda maganar ta fito, kunya ta rufe shi. "A'a. Ban ce komi ba. Allah ya sani ina tsoro. Ina tsoron abin da za su yi miki, ina tsoron in rasa ki. Ban san wanne ya fi ba."

"Ni ma tsoro nika ji, Namadi. Ka ce mani in koma, wallahi ƙila in koma. Don Allah kada ka ce."

Ya daɗe yana kallonta, kallon wanda ke haddace abu. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan ƙasa tsakaninsu.

"Ba ni cewa," ya ce. "Wuce. Ina bayanki."

Ƙofar kotun cike take da maza. Da suka ga mace ta doso, surutu ya ɗauke, aka dare mata hanya don mamaki, ba don girmamawa ba. Dogo ɗan doka ya gitta sandarsa.

"Ke, ina za ki? Nan ba wurin mata na ba."

Ta bisa kafaɗarsa ta hango ciki. Alƙali na zaune, takardun nan biyu a gabansa. Ɗangiwa na gefe ya harɗe. Malam na durƙushe a tsakiya, bargonsa a naɗe kusa da gwiwarsa, an cire masa rawani. Ba ta taɓa ganin furfurarsa a waje ba.

Ta ji alƙali na cewa, "Malam Attahiru, karo na ƙarshe nika tambayarka. Wagga takarda, kai kar rubuta ta?"

Malam ya buɗe baki.

"Allah gafarta Malam!"

Muryarta ce, ita kanta ba ta gane ta ba. Kowa ya juyo. Dogo ya sassauta sandar, ta sunkuya ta ƙarƙashinta ta shige, ta durƙusa nesa kaɗan da mahaifinta. Malam ya dube ta, ya girgiza mata kai sau ɗaya, a hankali, idonsa na roƙonta abin da bakinsa ba zai iya faɗa a gaban mutane ba.

Ta waiga sau ɗaya. Namadi na bakin ƙofa, ruwa na dukansa, bai matsa ba.

"Yarinya, wace ce ke?" in ji alƙali. "Mi kika so?"

"Sunana Maryama, ɗiyar Malam Attahiru." Ta miƙa hannunta. "A ba ni alƙalami da farar takarda. Sannan a aje kusa da waccan a duba."

Malam Attahiru ya sunkuyar da kai, ya rufe fuskarsa da tafukansa biyu.